Yadda Ake Gina Ƙaramar Tashar Jirgin Ƙasa Don Tunawa da Malamin da Ya Rasu

Masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa, waɗanda ake ƙerawa daidai da na gaske a aza su kan siririn dogo a cikin ɗaki, ba su da yawa a Kano, kuma kusan kowannensu a hannun wani ya koya. A cikin irin wannan ƙaramin taro akan sami mutum ɗaya da kowa ke zuwa wurinsa: shi ke nuna yadda ake liƙa waya da dalma, shi ke ara wa sabon shiga tarago, shi ke zama har dare ana neman inda wuta ta yanke. Idan Allah ya karɓi ran irin wannan mutum, kayansa kan ƙare a ɗayan wuri biyu. Ko a kulle su a kwali zafi da ƙura su lalata su, ko yaran gida su ɗauke su kayan wasa ne su watse. Abin da ya fi dacewa da mutumin da ya rayu yana koyarwa shi ne a ɗauki wani ɓangare na kayan a gina ƙaramar tasha mai aiki, mai ɗauke da sunansa, a ci gaba da koyar da yara da sababbi a kanta. Ilimi mai amfani yana cikin abubuwan da ladarsu ba ta yankewa bayan mutuwa.

Mataki na 1: Haƙƙin magada

Duk abin da mamaci ya bari na magada ne, har guntun dogon da ke ƙarƙashin tebur. Daɗewar abota ba ta ba kowa ikon ɗaukar komai, ko da mamacin ya taɓa cewa cikin hira "wannan naka ne". Ku bari a tashi daga zaman makoki, sannan mutum biyu ko uku su je wurin wanda iyali suka wakilta. Hanyoyin uku ne: ku saya, ko magada baligai su ba da kyauta daga rabonsu, ko su ba ku aro. Idan akwai marayu ƙanana, ba a kyautar da rabonsu, sai dai a saya ta hannun waliyyinsu da farashin gaskiya. Idan akwai wasiyya, a kai ta ga malamin da ke raba gadon, don ba ta wuce sulusi.

A nan amana take. Iyali yawanci ba su san cewa kan jirgi guda ɗaya na iya fin kuɗin kwali cike da taragu ba. Ku kuka sani, don haka ku faɗa musu. Ku duba farashin da aka sayar da irinsa a intanet, a shafuka irin su eBay, ku nuna musu a waya. A rubuta abin da aka amince a kai, kowane ɓangare ya riƙe kwafi, da shaidu biyu.

Mataki na 2: Hoto da lissafi kafin a kwance komai

Kada a cire ko waya ɗaya sai an ɗauki hoton teburin daga sama, daga kowane gefe, da kuma daga ƙasa inda wayoyi suke. Ku manna farin tef a kan kowace waya ta ɓangarori biyu na inda za a yanke, ku rubuta lamba iri ɗaya. Kowane kan jirgi da tarago a ba shi lamba a littafi: kamfanin da ya ƙera shi (Hornby, Bachmann, Piko, Roco, Märklin, yawanci a rubuce yake a ƙasa), girmansa, da halin da yake ciki.

Ku tattara takardunsa da kulawa fiye da jiragen. Zanen wayoyi a bayan kalanda, ma'aunin da ya yanka da hannunsa daga gwangwani, kwalbar fenti da ya rubuta haɗinta a jiki, waɗannan ba a sayen su a ko'ina.

Mataki na 3: Tantance kayan

Fara da girma. A ma'aunin HO an rage komai sau 87, a OO na Ingila sau 76, amma dukansu suna tafiya kan dogo mai faɗin milimita 16.5. Ma'aunin N dogonsa milimita 9 ne. Zaɓi ɗaya kawai don tashar, wanda mamacin ya fi yawan kaya a cikinsa.

Sai wuta, kuma nan ne aka fi yin asara. Jiragen iri uku ne. Akwai na DC, masu ɗaukar daga sifili zuwa bolt 12, gudunsu na ƙaruwa da ƙarin wuta. Akwai na DCC, masu ƙaramar na'ura a ciki, inda dogo ke ɗauke da wuta kullum kamar bolt 14 zuwa 16. Akwai kuma tsarin Märklin mai wutar AC, wanda za ku gane shi da wani dogon takalmin ƙarfe a ƙarƙashin kan jirgi da ƙananan ƙusoshi a tsakiyar layi. Kan jirgin DC da aka bari a tsaye kan layin DCC zai yi ta ƙugi har motarsa ta ƙone. Na Märklin kuwa ƙafafunsa na haɗe da juna ta ƙarfe, yana hawa layin DC zai haɗa wuta. Ku karanta bayan taransifoma kafin ku jona: wadda aka sayo daga Amurka ta bolt 110 zuwa 120 ce, wutarmu kuma 230 ce, jonawa ɗaya ta isa ta kashe ta. Wadda robar wayarta ta tsage a ajiye ta.

Dogo ma a gwada shi da maganaɗisu. Wanda ya kama na baƙin ƙarfe ne, zai yi tsatsa da damina. Mai launin rawaya tagulla ne, yana saurin dusashewa. Fari wanda maganaɗisu bai kama ba shi ne mai kyau, da shi za a yi aikin. Ku lura da tsayinsa kuma: mai lamba 100 tsayinsa milimita 2.5, mai lamba 75 kuwa 1.9. Tsofaffin taragu masu dogon leɓen ƙafa suna karo da gindin mai lamba 75, don haka ga kayan dattijo mai lamba 100 ya fi aminci.

Kan jirgin da ya daɗe a ajiye kada a ba shi cikakkiyar wuta. Tsohon giris na daskarewa, motar ta yi ta fama ta yi zafi. Buɗe jikinsa, goge giyoyi da auduga da sifirit, sa ɗigon mai a bakin allura a kowane wurin juyawa. Man da aka yi don irin waɗannan kaya ake so, wanda ba ya cin roba. Man gyaɗa yana danƙo, baƙin man mota ya yi kauri, WD-40 kuma yana bin ƙafafu ya tara ƙura. Idan kun ga ƙarfen ƙasan wani tsohon kan jirgi ya kumbura yana tsagewa da kansa, cutar ƙarfen zubi ce, ba ta da magani. A bar shi ya zama na kallo.

Mataki na 4: Tsarin layi

Tunda manufar koyarwa ce, zagayen da jirgi zai yi ta kewayawa ba shi ne ya fi ba. Yaro na gajiya da kallonsa cikin minti goma. Tsarin da ya fi riƙe mutane shi ne wanda Alan Wright na Ingila ya shahara da shi, mai suna Inglenook: layin shiga guda ɗaya, masauyin layi biyu, da rassa uku. Reshe na farko yana ɗaukar taragu 5, sauran biyun 3 kowanne, layin shiga kuma kan jirgi da taragu 3. Ana zuba taragu 8, a zaɓi 5 ta hanyar ƙuri'a, mai tuƙi ya jera su bisa tsarin da ƙuri'ar ta fito. Jeri 6,720 ne mabambanta ke iya fitowa.

Kafin yanka katako, auna taragun. Idan gajeru ne masu ƙafa huɗu, kamar santimita 9, reshen farko zai ci 45, masauyi da tazararsa 25, layin shiga 38, jimla 108. Idan dogaye ne masu santimita 14, wannan tsari zai kai kusan 155, sai a rage shi zuwa 3, 2, 2 da taragu 5, ya dawo kamar 111. Tsarin 108 da na 111 duka suna shiga allo mai tsawon 122. Zana layin da girmansa na gaske a kan takardar siminti, aza taragun a kai, tura su da hannu. Kuskuren da aka fi yi shi ne auna reshe daga bakin masauyi, alhali taragon da ya tsaya a nan zai goga wanda ke wucewa a reshen kusa. Awo yana farawa ne daga inda layukan biyu suka yi nisan santimita 5 daga tsakiya zuwa tsakiya.

Akwai wata magana ga masu son daidaito. Tsohon layin dogon Nijeriya, wanda ya iso Kano daga Baro a 1911 kuma aka miƙa shi zuwa Nguru a 1930, faɗinsa milimita 1,067 ne. Dogon HO mai 16.5 yana wakiltar layi mai faɗin 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Wanda ke son tsohon layin daidai a ma'aunin 87 sai ya nemi dogo mai milimita 12. Ga tashar tunawa ba mu ga dalilin wannan wahala ba. Jiragen mamacin ake son su yi tafiya, don haka a bi dogon da suka saba.

Mataki na 5: Allo

A 'yan katako na Na'ibawa za a sami filawud mai kaurin milimita 9. Cikakken falle santimita 244 ne da 122. A yanka saman allo 122 da 45, sannan a fitar da dogayen yanka masu faɗin santimita 9 don gefuna huɗu da 'yan tsakiya biyu, tazarar kamar 40 tsakaninsu. A huda ramuka a 'yan tsakiyar don wayoyi su wuce. A haɗa da farin gam na kafinta da sukuru, a kan shimfiɗaɗɗen daɓe marar tudu, a aza bulo a kai ya kwana. Katakon da aka yi da garin itace ba ya jure damina, kada araha ta ja ku.

Shafa maganin gara, sannan fenti ko banish hannu biyu, sama da ƙasa da bakin yanka. Wanda ya shafa sama kawai, allonsa zai lanƙwashe, saboda ƙasan na shan laima saman ba ya sha.

Mataki na 6: Shimfiɗa dogo, da abin da yanayin Kano ke yi masa

Mita ɗaya na dogo yana ƙaruwa da kusan rabin milimita idan zafi ya hau da digiri 25. Katako kuma yana kumbura da damina, ya tsuke da rani. A watannin Maris da Afrilu abubuwan biyu suke haɗuwa: iska ta bushe, katako ya kai ƙarshen tsukewa, zafi ya haura digiri 40, dogo ya kai ƙarshen miƙewa. Layin da aka shimfiɗa a Agusta aka matse gaɓoɓinsa, a bazara zai karkace gefe ko ya ɗaga, taragu su riƙa sauka a wuri ɗaya kullum. Don haka idan da damina ko cikin sanyin hunturu ake aikin, a bar tazarar rabin milimita a kowace gaɓa. Idan da bazara ne, kaurin takarda biyu ya isa. Kada a liƙe dukkan gaɓoɓi da dalma.

Fara da masauyan biyu, sauran layin ya biyo su. A shafa siririn farin gam, a danne da littattafai. Idan da ƙananan ƙusoshi za a kafe, kada a buga har su danne katakan dogon, don hakan na jawo ƙarafan biyu ciki layin ya matse. Runtse ido ɗaya ka kalli layin daga ƙarshensa, duk wata karkata za ta bayyana.

Mataki na 7: Wayoyi

Ja wayoyi biyu masu kaurin 1.5 na wayarin gida a ƙarƙashin allo daga farko zuwa ƙarshe, ja da baƙa. Daga kowane guntun dogo sauko da siririyar waya ta ramin milimita 2 ka haɗa da su: ja kullum ga ƙarfen baya, baƙa ga na gaba. Kada a dogara da ƙananan maɗauran dogo su kai wuta, ƙurar hunturu na shiga cikinsu wutar ta yanke. Wurin liƙawa a kankare shi, a sa dalma a waya da dogo daban daban, sannan a haɗa cikin daƙiƙa biyu ko uku. Idan aka daɗe, robar da ke riƙe dogon za ta narke. Bayan kowace waya, gwada da mitar gwajin wuta tsakanin ƙarafan biyu. Idan ta yi ƙara, wayar da ka sa yanzu ce ta juye. Masauyin da hancinsa, wato tsinin da layukan biyu suke rabuwa daga gare shi, ƙarfe ne yana buƙatar maɗauran roba a kan ƙarafa biyun da suka fito daga hancin, in ba haka ba wuta za ta haɗu duk lokacin da aka sauya layi.

Saboda ɗaukewar wuta, ga jiragen DC batirin sola mai bolt 12 ya wadatar, tare da ƙaramar na'urar rage gudu ta PWM da ake samu wurin masu kayan lantarki a Sabon Gari, da makunni mai ƙafa shida don juya gaba da baya. Dole a sa fiyus na amfiya 1 ko 2 dab da batirin. Batir ba ya yanke kansa, tarago ɗaya ya sauka ya haɗa ƙarafa, waya za ta yi ja ta kama katako.

A gwada layin mako guda kafin a zuba ƙasa. Taragon da ke yawan sauka, auna tazarar bayan ƙafafunsa biyu, ya kamata ta kasance kusan milimita 14.5. Idan ta yi daidai, to nauyi ne bai isa ba: tarago mai santimita 14 yana son kamar giram 100, a manna masa washa a ciki.

Mataki na 8: Ƙasa, gini da dalar gyaɗa

Ƙasar Kano ta fi duk wadda za a sayo daga waje, amma sai an gyara ta. A soya ta a tsohon kasko don kashe ƙwari, a tankaɗe da rariya mai laushi, sannan a ratsa ta da maganaɗisun tsohuwar sifika a cikin leda. Jar ƙasa na ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe, wanda motar jirgi za ta zuƙe. Tsakuwar layi a samo ta daga ƙurar dutse, ƙwaya kamar milimita ɗaya ko ƙasa da haka. A baza da buroshi, a tabbata babu ƙwaya a cikin masauyi, a fesa ruwa mai ɗigon sabulun wanke kwano har ya jiƙe, sannan a ɗiga gam rabi ruwa rabi da sirinji. Wanda ya tsallake fesawar zai ga gam ya dunƙule tsakuwar ta taso. A nisanta gam daga harsunan masauyi, a riƙa motsa su yayin da yake bushewa.

Lissafin gini mai sauƙi ne: raba awon gaske da 87. Ƙofa mai mita 2 ta zama milimita 23, darbejiya mai mita 10 ta zama 115. Bango daga kwali mai kauri, a ƙarfafa kusurwoyi ta ciki. Kwanon rufi kuwa, a shimfiɗa farantin alminiyom na abinci a kan roba mai laushi, a murza masa kusar noti mai sifana 10. Zarenta milimita ɗaya ne, kusan daidai da tudun kwano a wannan ma'auni. Idan za ku ɗauki hoton tashar Kano ta gaske don kwaikwayo, ku nemi izinin ma'aikata tukuna.

Babu abin da ke sa mai kallo ya gane Kano ce kamar dalar gyaɗa, wadda tarihinta ke haɗe da dogo da kuma sunan Alhassan Ɗantata. A yanka cikinta da farin soso na kwalin firji, buhuna a waje kawai. A murza yumɓu ko gam mai haɗi biyu ya zama igiya mai kaurin milimita 6, a yanka guntaye na 11, a danna kowanne da ƙyalle don saƙar buhu ta fito, a jera daga ƙasa kowane sahu ya ɗan shiga ciki. Aiki ne mai cin lokaci, kuma shi ya fi dacewa a raba wa duk waɗanda mamacin ya koyar, kowa ya kawo nasa buhunan. Kada a yi amfani da ƙwayar alkama ko shinkafa, ɓera da ƙwari za su zo. A allon baya a shafa sama mai hazo, Dutsen Dala ya fito dishi-dishi.

Mataki na 9: Sunansa

Sa wa kan jirgi suna tsohuwar al'adar reluwe ce, a Nijeriya ma an yi kawunan jirgi masu tururi da ke ɗauke da sunayen koguna. Zaɓi kan jirgin da ya fi so, a buga sunan a siririyar takarda mai tsayin milimita 2 zuwa 3, a manna da ɗan farin gam wanda za a iya cirewa. Allon tasha ma ya ɗauki sunan. A gaban allo a kafa farantin tagulla kamar santimita 10 da 4: suna, shekarar haihuwa da ta rasuwa, da addu'a gajeriya. Iyali su ga rubutun kafin a zana. Ba a sassaƙa siffar mamaci, kuma gidaje da yawa ba sa son mutum-mutumi ko da ƙanana ne. Amalanke, keke a jingine da buhuna a bakin sito sun isa su nuna wurin na da mutane. Gini ko gadar da ya yi da hannunsa a sa ta yadda take, kada a sake mata fenti.

Mataki na 10: Kulawa da riƙo

Yi murfi da firam da farar leda mai kauri, a rufe duk lokacin da ba a aiki. Kafin kowane zama a goge saman dogo da ƙyalle da sifirit. Sanfefa tana barin ƙananan zane da datti ke maƙalewa, kada ta taɓa dogo. Jirage su zauna a akwati mai rufi da ƙunshin maganin laima lokacin damina, a naɗe su da takarda mai laushi, don tsohon soson kwali na narkewa ya manne wa fenti. Kada a ajiye tashar a ɗakin kwano marar silin ko cikin motar da ke rana, jikin roba na lanƙwashewa.

A fitar da mutum ɗaya mai riƙo da mataimakinsa, a sa rana ɗaya a wata da za a buɗe wa masu koyo, a gayyaci 'ya'ya da jikokin mamacin su fara tuƙi. Littafi ya zauna tare da tashar: a farkonsa dabarun da kowa ya koya daga gare shi, a rubuce yadda ya koyar da su, a bayansa duk gyaran da aka yi da kwanan wata. A shafi na ƙarshe a manna kwafin yarjejeniyar magada, a rubuta wanda zai karɓi tashar idan mai riƙo ya tashi daga gari ko ya gaza, da jerin lambobin kayan da aro ne, waɗanda za a mayar wa iyali duk ranar da suka nema.